Kunun da Ya Wuce Salla Biyar

Shekaranjiya 'yata ta manta gorar sobiya a bayan motar babanta. Sobiya abin shan mutanen garin nan ce, da sha'ir ake yin ta, kuma ba ta shiri da rana ko kaɗan. Sai bayan la'asar aka tuna da ita, na sauka da kaina na ɗauko, na tarar gorar ta kumbura ta yi tauri. Ina murɗa marfin ta ce tsss, wani wari mai zaƙi-zaƙi da yaji a ƙarshensa ya bugi hancina. Ban san lokacin da na zauna a kan matakalar gidanmu na nan unguwar Shisha a Makka ba, ni uwar 'ya'ya huɗu, da gora a hannu. Yarinyar ta tsaya a kaina tana ta ba ni haƙuri da Larabci, a zatonta asarar sobiya ce ta zaunar da ni. Na kasa yi mata bayani. Ku zan gaya wa, tunda ku ba za ku tsare ni da ido ba.

A Tandabawi aka haife ni, can saman dutse, inda mota ba ta zuwa sai ƙafa. Ɗaki biyu ne gidanmu, da ɗan sito a bayan kicin, sai rufin da muke shanya a kansa. Daga ƙasan dutsen zuwa ƙofarmu matakala ce ta siminti, ta karkace nan ta miƙe can, ruwan wanke-wanken kowane gida yana bin gefenta a buɗe, har kana iya sanin gidan da aka dafa kifi ba sai ka tambaya ba. In an yi ruwan sama, abin da ba ya wuce sau biyu ko uku a shekara, matakalar ce kogin. In zafi ya kama kuwa, duwatsun kan riƙe wuta har ko bango ka jingina sai ka ja baya. Abu ɗaya muke taƙama da shi, ba mu da buƙatar agogo. Kiran sallar Harami yana hawowa har tsakar gidanmu sarai, kamar ladanin maƙwabcinmu ne.

Mu biyar ne a gidan. Baba yana aikin gini, yana da iƙama, wato takardar zama, da sunan Umma da nawa da na ƙanina jariri a ƙarƙashinsa. Ta biyar ɗin Kaka ce, mahaifiyar Baba, ita kuma ba ta da ko ƙyallen takarda. Tana amarya suka baro ƙauyensu na kudancin Kano da ƙafa, ita da kakanmu, su yada zango su yi noma, su samu guzuri su ƙara gaba, shekaru suna hanya. Lokacin da suka iso ba mai tambayar kowa takarda. Lokacin da aka fara tambaya kuma kakanmu ya riga ya rasu, Baba ya yi juyin duniya ta bi shi a ɗauke ta hoto a yi mata, ta ce ita ba ta ga wanda za ta nuna wa takarda a garin Allah ba. Kaka in ta ce a'a, to ka nemi wani aikin.

Burinta a duniya ɗaya ne tak, kuma duk dutsen ya san shi: ta mutu a Makka, a sallace ta a Harami, a binne ta a ƙasar da aka binne mijinta. Lokacin aikin Hajji alhazan ƙasarmu kan hawo gaishe ta, wasu su roƙi aron rufinmu su shanya likkafanin da suka wanke da zamzam za su koma da shi gida. Takan ba su aro, amma sai ta tsokane su. "Ku yi ta wahala," in ji ta, "ku da za ku kwanta nesa. Ni ƙasar ce da kanta za ta lulluɓe ni, ko a tsumma aka naɗe ni na ci riba." Su yi dariya su ce Allah ya sa, ta ce ai ya riga ya sa.

Abin da aka san ta da shi kuma shi ne kunun zaƙi na tsiro. Ba ta yarda da sukari ba, ta ce sukari na ragwaye ne, hatsi da zaƙinsa ya zo, sai dai ka san yadda za ka roƙe shi. Takan jiƙa dawa kwana ɗaya, ta tsane ta, ta baza a kan jiƙaƙƙen buhu a ƙarƙashin gadonta, ta rufe da wani buhun, safe da yamma tana yayyafa ruwa. A kwana na uku in ka ɗaga buhun sai ka ga kowace ƙwaya ta fito da ɗan farin gashi, ɗakin ya ɗauki ƙamshin danshi irin wanda ban taɓa ji a wani wuri ba a garin nan na duwatsu. Daga nan sai rufi, tsiron ya sha rana har ya bushe ƙayau. Ranar damu ta niƙa gasara da citta da kanumfari, ta dama da tafasasshen ruwa, ta bari ya huce har yatsa ya iya zama a ciki, sannan ta zuba garin tsiron. Nan abin mamakin yake. Kunun da ya yi kauri har muciya tana tsayawa a ciki, sai ka ga ya saki jiki ya tsinke da kansa, ka ɗanɗana ka ji zaƙi alhali ba wanda ya sa masa komai.

Amma tana da doka, kuma ko Baba bai isa ya taɓa ta ba. Daga sa'ar da ta tace kunu, salla biyar take ƙirga masa. In ladanin Harami ya kira ta biyar, duk abin da ya rage za ta buɗe ta sa hanci, ta kara kunne a bakin tukunya. In ta ji shiru kuma ƙamshin yana nan, a raba wa maƙwabta a shanye nan take. In ta ji ya fara raɗa, wato ƙananan kumfa suna tasowa suna fashewa, to ya tashi daga kunu, sai Baba ya ɗauka ya zagaya bayan dutse ya zubar. Na taɓa tambayarta me yake zama in an bar shi. Ta dube ni ta ce, "Abin da ba a ambata a garin nan." Ba ta ƙara ba, ni ma ban ƙara ba, don na ga fuskarta.

Shekarar da na kai goma sha ɗaya Kaka ta yi wata doguwar mura bayan tafiyar alhazai, irin wadda suke bar mana tsaraba duk shekara. Murar ta tafi, ta tafi da hancinta. Kunnen kuwa dama ya daɗe da yin nauyi. Ba ta gaya wa kowa ba, ni na gano, ranar da miya ta kama a wuta tana zaune a gefen tukunyar tana jan carbi hankali kwance. Da ta ga na gane sai ta jawo ni jikinta ta ce, "Ƙawata, bakinki ƙanin ƙafarki. Daga yau ke ce hancina." Tun daga ranar, in an kira salla ta biyar sai ta ce in zo in taya ta neman allura a sito, in shinshina, in gaya mata a kunne. Na ji daɗin sarautar nan ƙwarai, har tafiyata sai da ta canja.

A tsakiyar zafin shekarar na sauke Alƙur'ani a wurin malaminmu na unguwa, aka sa walima ranar Laraba da hantsi. Kaka ta ce jikarta ta fari ba za a yi mata kunu da ruwan tanka ba. Kwana uku ni da Baba muna sauka Harami bayan asuba muna ɗebo zamzam, shi da babbar jarka a kafaɗa, ni da ƙarama a ka. Da shi ta jiƙa, da shi ta dama, da shi ta tace. Ranar Talata da la'asar jarka huɗu suka cika, aka jera su a sito cikin baho, aka zuba musu ƙanƙara. Na leƙa su ya fi sau goma. An ɗinka mini koriyar riga, kuma na riga na bi 'yan matan dutsen ɗaya bayan ɗaya na gaya musu kunun walimata ba irin wanda suka saba sha ba ne.

Da gari ya waye ba mu ji muryar mai ƙanƙara ba, ba mu ji ta mai burodi ba. Dutsen ya yi wani irin shiru da duk wanda ya tashi a unguwanninmu ya san shi. Daga rufi muka hango motoci biyu a bakin matakala, da wata doguwa mai raga a tagoginta. Masu binciken takardu ne suka tare hanyar sauka. Ba su hau ba ranar, tsayawa kawai suka yi, duk wanda ya sauko su duba shi. Saƙon malam ya biyo ta kan katangu cewa a ɗaga walima zuwa gobe, don rabin waɗanda aka gayyata ba za su iya leƙo ƙofa ba. Na shiga ɗaki na yi kuka da koriyar rigata a jiki.

Ba wannan ne karon farko ba, mun san yadda ake yi. In suka hau suna bin gida-gida, Kaka takan shiga sito ta kwanta a bayan buhunan shinkafa, a jera tarkace a kanta, Umma ta miƙa takardu. Wani lokaci su leƙa ɗakuna da siton su fita, wani lokaci ko shiga ba sa yi. Sau uku ana haka a sanina, tana fitowa tana karkaɗe zani tana cewa ƙasar Makka ba ta gama da ita ba. Sai dai wannan karon akwai jarka huɗu a siton, kuma ƙanƙarar ta narke tun kafin azahar.

Aka kira la'asar, salla ta biyar, Kaka ta ce in zo neman allura. Siton ya ɗauki zafi, ruwan bahon ya yi ɗumi. Ta sassauta marfin jarkar farko, na sunkuya. Ƙamshin citta yana nan, zaƙin yana nan, amma can ƙarƙashinsu akwai wani ɗan abu mai tsini da ya soki hancina, da na kara kunne kuma na ji shi, siriri, yana raɗa. Na san abin da zai biyo baya in na faɗa. Motocin za su tafi kafin magariba, Baba ya dawo ya yi sawu huɗu zuwa bayan dutse, gobe a yi walimata da lemon jiƙo kamar ta kowa. Na tuna 'yan matan da na cika wa baki.

"Me hancina ya ce?" in ji Kaka.

Na ce, "Lafiya lau yake, Kaka."

Ta dubi jarkokin. Na ga leɓenta yana motsi, ƙirga take yi, kuma ƙirgar ta gaya mata gaskiya. Amma sai ta ce, "Dama na sani. Ƙirgar nan ta ruwan tanka ce. Zamzam ba ya cin amana." Ta mayar da marfin ta murɗe shi tam, ta bi sauran ukun ta ƙara ɗaure su don kada iska ta shiga. Tun kafin a haifi Baba take bin dokar nan, ranar ta karya ta saboda ni, kuma da shaidar da ni na ba ta.

Ranar Alhamis motocin suka dawo, sun zama huɗu. Baba ya sauka aiki da iƙamarsa a aljihun gaba, bai leƙa sito ba, don a saninsa hancin uwarsa bai taɓa kuskure ba. Wajen hantsi labari ya hawo cewa yau hawa suke yi. Muna jin su daga nesa, bugun ƙofa, shiru, sai bugun ta gaba. Iskar da ke shigowa ta taga kamar daga bakin murhu take fitowa. Duk sanda na gifta ƙofar sito sai in ji wani ɗan ƙara, ƙas, can kuma ƙas, robar jarka ce take miƙewa. Tsoro ya hana ni cin abinci, Umma ta ce ciwon walima ne, in daina kumbure-kumbure. Na buɗe baki ya fi sau uku zan faɗa, ina rufewa.

Ana kiran azahar Umma ta ce, "Iya, yalla ki shiga, sun iso gidan mai ɗinki." Kaka ta shiga siton tana lalube, ta dafa jarkar farko za ta tsallaka, sai ta tsaya cak. Jarkar da muka sani da kusurwa huɗu ta koma kamar tulu. Ta shafa ta da tafin hannu a hankali, sama da ƙasa, ta shafa ta biyu. Ta ɗan taɓa marfin kawai ya ce tsss, kumfa ta yi tsartuwa har bango, warin ya cika siton ya fito tsakar gida. Umma ta toshe hanci da mayafi tana salati.

"Na san kumburin nan," in ji Kaka, kuma ba da mu take ba. "A ɗakin uwata na san shi. Ita ba ta yi salla ba, da wannan ta ciyar da mu. Hanyar ɗaya ce daga jiƙo har tata, ba inda suka rabu sai wurin jira. Don in yi nisa da shi na tako har nan, ashe yana biye da ni." Ranar na fara jin wannan magana, Baba ma daga bakina ya ji ta daga baya.

Umma ta ce, "Mu juye a masai, Iya, khalas, shi ke nan, kafin su iso."

"Zamzam a masai? Ba da raina ba."

"To a magudana."

"Ya gangara ta matakala ya tarye su, ya jawo su har ƙofar nan? Buɗe huɗun nan ma kaɗai ya isa ya tashi lungun."

Gaskiya ta faɗa. Abu ba ya shawuwa, ba ya zubuwa, ba ya ɓoyuwa. Kuma kowa a cikinmu ya san makomar mai gidan da aka samu jarka huɗu na wannan abu a sitonsa, a Makka, da tsohuwa marar takarda kwance a bayansu. Ba wanda zai tsaya jin labarin walima. Baba ne zai amsa, kurkuku da bulala da kora, mu kuma mu bi bayansa. Aka buga ƙofar gida na biyu da namu.

Kaka ta juyo gare ni. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce, "Ƙawata, jiya me hancina ya ce?"

Na ce, "Ya ce yana raɗa."

Ta gyaɗa kai. "Ƙirgata ma haka ta ce. Mu biyu muka yi, kada ki ɗauka ke kaɗai."

Ta sa aka rufe siton, aka tura jiƙaƙƙen bargo a ƙasan ƙofarsa, Umma ta juye duk turaren wutar da ke gidan a kan garwashi. Sannan ta ɗauko baƙar abayarta ta sa, ta rataya carbi a wuya. Umma ta riƙe mata hannu tana kuka, tana cewa me za ta ce wa Baba. Kaka ta zare hannunta ta ce, "Wanda ya samu abin da ya fito nema ba ya ƙara tone-tone. Ki rufe ƙofa, ki miƙa takardunku ta taga."

Ta tsagar ƙofa na ga sauran. Ta gangara matakala goma tana dafa bango, ta zauna a tsakiyar rana. Wani saurayi cikin kaki ya iso gabanta ya ce, "Iƙama, ya Hajja?" Ta ce, "Ma fi." Babu. Ya daɗe yana dubanta. Ya tambayi wa ke cikin gidan, ta ce mata ne da jariri, da takardunsu. Ya hawo har tagarmu, ya karɓi abin da Umma ta miƙo, ya duba, ya mayar. Sai ya tsaya. Na ga ya ɗaga kai ya ja iska, ya dubi hayaƙin turaren da ke fita, ya dubi ƙofar da nake bayanta. Daga ƙasa Kaka ta ɗaga murya ta ce, "Zo ka riƙe ni, ya waladi, ɗana, gwiwoyina ba za su kai ni ba." Ya juya ya sauka, ya kama hannunta da ladabi, suka gangara tare a hankali. Ko sau ɗaya ba ta waiwayo ba, don kada ya waiwayo.

Da yamma Baba ya yi sawu huɗun nan zuwa bayan dutse, waɗanda da jiya ya yi su da ba abin da ya faru. Ya yi makonni yana bin ofisoshi da gidajen masu faɗa a ji, ba abin da ya fito. Hanyar da ta yi shekaru tana takowa, cikin yini ɗaya jirgi ya mayar da ita. Ta sauka a hannun wani ɗan wan mijinta da ba ta taɓa gani ba, ta yi damina biyu a can. Sau ɗaya ta aiko da kaset, ta gaishe da kowa, ta ce a gaya wa ƙawarta ta riƙe ƙirga. Da labari ya zo cewa jiki ya ƙi, Baba ya sayo farin yadi, muka sauka Harami ni da shi muka wanke da zamzam, muka shanya a rufin da take shanya tsironta, aka ba wani mai komawa gida. Yadin ya isa da kwana kaɗan ta rasu. Walimata kuwa ba a yi ba, ba kuma wanda ya sake ta da zancen.

Yanzu babu lungun, babu matakalar, an baje wajen an yi titi da dogayen gine-gine, ko inda ƙofarmu take ba zan iya nuna muku ba. Kowane gida da firji, kunu sai ya yi kwanaki bai ce uffan ba. 'Ya'yana sun fi son sobiyar kanti, in na yi musu Hausa su amsa da Larabci. Ni dai har yau sau ɗaya a shekara nakan baza dawa a ƙarƙashin gado, in na tace in ƙirga salla biyar, maigida yana yi mini dariya wai ina gardama da firji. In na je Harami aka idar da salla, aka yi kiran sallar gawa, nakan tashi in bi sahu, kuma ba ranar da ba na tuna cewa akwai wadda ta yi shekaru tana jiran wannan sahun ba ta samu ba.

Da hankalina ya dawo shekaranjiya, na miƙe da gorar zan kai ta gindin bishiya. 'Yata ta biyo ni, ta tattaro 'yar Hausar da take da ita ta ce, "Umma, ta lalace ne?"

Na ce, "Ta lalace."

Iyakar abin da Kaka ta nema a wurina ke nan ranar Laraba da la'asar.